Kwanciyar Kaka Lua

Ranar da aka yanke wa Kaka Lua shanyewar ƙafa, da ƙafarta ta dawo daga bakin tafki. Ta shigo da jan maficinta a hammata da ledar alayyafo a hannu, tana ta mitar mai kifin da ya so ya cuce ta. Ta haura saba'in, amma ita ke jan sahun gaba a rawar mafici da tsofaffin matan unguwa suke yi kullum da sassafe. A faɗarta, duk Hanoi babu tsohuwar da ta kai ta ɗaga ƙafa.

A falo ta tarar da ɗanta Toan da matarsa Diep sun sa wata budurwa mai farin tabarau a tsakiya. Malama Jenni ce, wadda aka ɗauko musamman don ta shigar da Khoi, babban jikan gidan, jami'a a Amurka. Shi gogan yana gefe yana latsa waya.

"Makinsa ba laifi," in ji Malama Jenni. "Amma masu maki irin nasa sun fi baburan garin nan yawa. Mutanen can labari suke so. Yaro ya rubuta musu wuyar da ya sha, da abin da wuyar ta koya masa. To, wace wuya Khoi ya taɓa sha?"

Toan ya sosa ƙeya.

"An taɓa sace masa keke."

"Direba ya gano shi kafin yamma," in ji Diep.

"Ya yi ƙyanda yana ƙarami."

"Ko tabo ba ta bari ba."

"Intanet ba ya kaiwa ɗakina sosai," in ji Khoi, ko ɗagowa bai yi ba.

Malama Jenni ta rufe ido kamar mai ciwon kai. Da ta buɗe, sai ta sauke su a kan Kaka Lua da ke tsugune tana cire takalmi.

"Wannan fa?"

"Mahaifiyata ce," in ji Toan.

"Lafiyarta lau?"

"Garau. Ta fi ni ma."

"Kash," in ji Malama Jenni. "Bara ina da wata ɗaliba, kakarta ta shanye tun daga ƙugu har ƙasa. Yarinyar ta rubuta yadda take jinyarta. Rububinta aka riƙa yi."

Diep ta yi ajiyar zuciya. "Wasu dai da sa'a suke."

Kafin sati ya zagayo labari ya haɗu. A cikinsa Kaka ta zame a matakala, ƙafafunta sun mutu, tana kwance a hawa na biyar. Kullum da yamma Khoi yakan dafa ruwan citta da gishiri, ya haura da baho, ya jiƙa mata ƙafafun yana matsawa, yana yi mata hira. A nan, wai, ya koyi abin da ake nufi da haƙuri. Da aka fassara mata sai da ta yi dariya har da hawaye.

"Wannan yaron? Wanda ko kofin da ya sha ruwa ba ya ɗaukewa? Ku ƙara da cewa goya ni yake yi zuwa kasuwa."

Ba wanda ya taya ta dariyar, don akwai sauran magana. Jami'ar da Toan ya ƙwallafa rai a kanta takan sa tsohon ɗalibinta da ke gari ya gana da yaro, ya rubuta mata abin da ya gani. A wannan yankin kuwa tsohon ɗalibin shi ne Mista Bach, mai gudun safe a bakin tafki. Ya san Kaka Lua sarai. Ta taɓa kwaɗa masa mafici a kafaɗa don ya ratsa musu sahu.

"Ba zai yiwu ya karanta ta shanye, ya wayi gari ya ga tana ɗaga ƙafa har kunne ba," in ji Malama Jenni. "Sai dai ta ɗan ɓace na wani lokaci."

Daga nan gardama ta koma kan ƙofa, don ƙofa biyu jami'o'in suke da ita. Akwai ta wuri: makaranta ɗaya tak yaro zai nema, shi da iyayensa su yi alkawarin in an ɗauke shi ba fashi sai ya je, amsa kuma ta zo a tsakiyar Disamba. Akwai ta kowa: ka nemi duk inda ka ga dama, ka jira ƙarshen Maris.

Toan ta wuri yake so. Diep ta kowa. Suka yi ta yi, a kan abinci, a cikin mota, har ta ƙofar banɗaki.

"Maman Khoi, ta wuri an fi ɗauka. Ɗan abokin aikina ta nan ya bi."

"In kuma wata ta fi ta rangwame fa, Baban Khoi? Mun ɗaure kanmu da igiyarmu. Garin ma an ce ƙanƙara har gwiwa, yaron da ko fanka ba ya so."

"Suna ake nema, ba ɗumi ba."

"Sunan da ko faɗarsa ba ka iya ba?"

Wata rana Toan ya juya wajen ɗansa. "Kai, kana son makarantar ko ba ka so?"

"Wacce?" in ji Khoi.

Kaka Lua tana gefe tana tsinke ganye. Abu ɗaya ne a ranta. A bikin Tet na sabuwar shekara ƙungiyarsu za ta yi rawa a dandalin unguwa, an ɗinka musu sabbin riguna ruwan hoda, ita ce kuma a gaba.

"Ni dai ku gaya mini," ta ce. "Har yaushe zan kwanta?"

"In ta wuri ce, wata biyu, Inna. In ta kowa ce, sai bayan Tet."

"To ku bi ta wurin mana, ku bar mutane su huta."

Toan ya tafa hannu. "Kin ji? Inna ma ta wuri ta zaɓa."

Wannan maganar kuwa ta sha jin ta daga baya.

Ɗakinta a ƙasa yake, kusa da kicin, inda take jin duk motsin layi. Amma labarin ya ce hawa na biyar, don haka aka kwashe kayanta aka haura da su can ƙololuwa, ɗakin da teburin magabata yake, wanda ake ajiye wa mamatan gida abinci da turare a kai, inda hoton marigayi mijinta ke kallon ƙofa. Aka sayo keken guragu aka jingine shi a kusurwa, ko da yake matakalar gidan ko mutum biyu ba sa iya giftawa a kanta. Diep ta fita layi da jajayen idanu ta ba da labari.

Sai 'yan dubiya. Kowa ya zo da lemo da madarar gwangwani, kamar yadda aka saba kai wa marar lafiya. Lemo ya cika tebur, ya cika ƙarƙashin gado, ya fara gangarowa matakala. Da an ji ƙararrawa sai Diep ta rugo sama tana haki.

"Inna, kwanta! Ja bargo. Ɗan karkata bakin mana."

"Ƙafa kuka rubuta, 'yar nan, ba baki ba."

Wadda ta fi ba ta wuya ita ce Hoe, ƙawarta tun suna 'yan mata, mai tsayawa a bayanta a sahu. Hoe ta zauna a bakin gado ta rungume ƙafafun tana kuka.

"Ke tsohuwar banza, ke da kika fi doki ƙafa! Wa zai riƙa zagina yanzu in na ɓata taku?" Ta sosa mata tafin ƙafa da farce. "Kina ji?"

Kaka Lua ta cije bargo. Duk duniya ba abin da ta tsana kamar cakulkuli.

"Ba na ji," ta ce.

"Wayyo. To sahun gaban zan riƙe miki, aro ne, sai kin tashi."

Da farko abin bai dame ta ba. In gida ya yi shiru sai ta miƙe ta buɗe mafici, ta yi rawarta a gaban hoton mijinta, tana ce masa, "Kalli nan, tsoho, ka taɓa ganin gurguwa irin wannan?" Amma wata maƙwabciya mai shanya a saman bene ta hango inuwa tana juyi a bayan labule, kafin rana ta faɗi layi ya ɗauka cewa marigayi ne yake saukowa daga hoto yana rawar baƙin ciki. Har wani ya kawo shawarar a kira mai korar fatalwa. Diep ta kulle maficin a akwatinta, aka buga wa tagar baƙin labule, aka roƙi Inna don girman magabata ta daina sauka daga gado in ba banɗaki za ta ba.

Abinci ma ya canja. Marar lafiya kunun shinkafa yake sha, kuma ɗan dubiya zai iya shigowa a kowane lokaci. Ta roƙi Diep taliya da romon dodon koɗi irin ta bakin kasuwa.

"Inna, mai taliyar ta san ke kaɗai ke cin ta da barkono haka a gidan nan. Za ta ce marar lafiya ce da wannan cin?"

Mista Bach ya gana da Khoi a wani gidan shan kofi, labarin ya taɓa masa zuciya ƙwarai. Da yake mutumin kirki ne, kuma maƙwabci, sai ya ce zai zo dubiya da yamma, lokacin jiƙa ƙafa. Gida ya hargitse. Ba a ma da bahon, sai da aka aika aka sayo. Diep ta dafa ruwan citta ta miƙa wa Khoi, ta ce ya sirka. Shi kuwa bai taɓa sirka ruwa ba tun da aka haife shi, famfo ne yake yi masa. Ya haura da shi yana tururi, Mista Bach na biye da ledar lemo.

Khoi ya durƙusa, ya kama ƙafar kakarsa da yatsa biyu, ya tsoma.

Kaka Lua ta ji abin har tsakiyar kanta. Ta buɗe baki, sai ta hango Diep a bayan baƙon ta haɗa hannu biyu tana roƙo. Matacciyar ƙafa ba ta jin zafi. Ta mayar da bakin ta rufe, ta kafa wa hoton mijinta ido, hawaye na gangarowa cikin kunnuwanta.

"Dubi yadda take kukan daɗi," in ji Mista Bach, ya cire tabarau yana goge nasa idon. "Kaka, kin yi dacen jika."

"Na yi," in ji ta, da wata 'yar siririyar murya.

Bayan ya tafi aka zaro ƙafar ta yi jawur, ta fara tashin bororo. Khoi ya ce, "Yi haƙuri, Kaka," ya sauka don yana da darasi. Toan ya ce a kira likita. Diep ta ce wane likita, wanda zai buga mata guduma a gwiwa ƙafar ta yi tsalle? Sai aka shafe ƙunar da man goge baki.

"Amma Inna, kin yi ƙoƙari," in ji Diep. "Ko 'yan fim sai haka."

Ƙunar ta ɗauki makonni. Yanzu ko banɗakin ma sai da bin bango.

Ranar da amsa za ta zo, tun da safe ta sa wandon rawarta, ta taje gashi, ta zauna a bakin gado tana jujjuya idon sawu. Ta ji ihu a ƙasa, amma ba ta gane ko na murna ba ne. Can sai ga Toan ya hauro yana numfashi sama-sama.

"Sun ɗauke shi?"

"Ba su ɗauke shi ba."

"Sun ƙi shi ke nan. To ba komai, ba ni maficina."

"Ba su ƙi shi ba, Inna. Ɗage shi suka yi. Sun mayar da shi ƙofar kowa. Sai Maris."

Ta dube shi ta sake dubansa. "Wace irin makaranta ce wannan, da ba ta iya cewa e ko a'a?"

Malama Jenni ta ce ai wannan albishir ne, ƙofa ba ta rufu ba. Kuma tunda alkawarin ya warware, Khoi zai iya neman wasu jami'o'in da labarin nan dai. Sai dai kowace jami'a da nata tsohon ɗalibin a gari, wani a banki, wani a asibiti, wata ma 'yarta na auren ɗan Hoe. Ta kuma ba da shawara a aika wa ta farkon ƙarin bayani cewa jikin Kaka ya ƙara tsanani, Khoi kuma bai gaza ba.

"Ba zan ƙara ko kwana ɗaya ba," in ji Kaka Lua.

Toan ya zauna kusa da ita ya kama hannunta. Ba mugu ba ne, yana son uwarsa daidai gwargwado.

"Inna, ke da kika yi zamanin bin layin shinkafa tun asuba, kwanciya a katifa ce za ta gagare ki? In kika fita yanzu, ba makaranta kaɗai ya rasa ba, sunan maƙaryaci zai ɗauka. Jininki ne fa. Kuma ke kika zaɓi ta wurin."

"Mutane har biya suke yi a kai su inda za su huta," in ji Diep daga bakin ƙofa.

Ta cire wandon rawar, ta ninke, ta sa a ƙarƙashin matashi.

Tet ya zo. Aka cika teburin magabata da dafaffen zakara da dunƙulen shinkafa mai nama, aka kunna turaren tsinke, aka gayyaci marigayi ya sauko ya ci. Ita aka ajiye mata kunu. Da hantsi kiɗan dandali ya shigo ta baƙin labule, ta gane waƙar tun daga bugun farko. Yatsun ƙafarta suka fara bi a ƙarƙashin bargo. Ta ji inda Hoe takan makara da juyi, ta ce, "Yanzu, shashasha, yanzu!" ita kaɗai a ɗaki.

Sai ta dubi hoton. "Kai da ka mutu kana cin zakara, ni mai rai ina shan kunu. Sammini cinya ɗaya."

Daga gado zuwa tebur bai fi taku kaɗan ba. Ta miƙe, gwiwoyinta suka yi rawa irin wadda ba ta koya musu ba. Da rarrafe ta ƙarasa. Ta ci cinyar a zaune a ƙasa, ta daɗe kafin ta iya komawa. Da ta gaya wa Toan cewa ƙafafunta sun fara yi mata baƙunta, sai ya yi dariya.

"Inna ke nan. Ba kowa a nan, ba sai kin yi da ni ba."

A ƙarshen Maris wata jami'a ta ɗauki Khoi. Ba wadda aka yi alkawarin da ita ba ce, wata ce da Malama Jenni ta cusa don cike gurbi, amma a Amurka take, kuma sunanta yana da tsawo. Gida ya kaure da shewa. Diep ta riga ta shirya yadda za a warke: za a ce wani mai maganin allurai ne daga kan duwatsu ya yi aikin mamaki. Ta fito da jan maficin daga akwati, su duka suka hauro.

"Inna, tashi! An gama!"

Kaka Lua ta karɓi maficinta ta shafa shi. Ta sauko da ƙafafunta, waɗanda suka koma kamar sandunan cin abinci. Ta dafa gado, ta miƙe, ta buɗe maficin da ƙara ɗaya kamar yadda ta saba. Sai ƙafafun suka naɗe. Ta faɗi a kan ƙugu, wani abu ya ce ƙas, lemo ya watse ko'ina.

"Inna, an gama fa," in ji Toan yana dariya. "Daina wasan."

"Ta saba ne," in ji Diep.

Sai da suka ga kalar fuskarta sannan dariyar ta tsaya. Maza huɗu ne suka sauko da ita a cikin bargo, don keken bai bi ta matakalar ba. A asibiti likita ya ce ƙashin ƙugu ya karye, naman ƙafar kuma ya zube, a shekarunta da wuya ta sake takawa. Ya tambaya me ya kwantar da ita tun farko. Toan ya dubi Diep, Diep ta dubi takalminta.

"Zamewa ta yi a matakala," in ji Khoi. Ya haddace.

Da aka sallame ta, hawa na biyar aka mayar da ita, don ɗakin ƙasan an riga an mai da shi wajen ajiye akwatunan tafiya. 'Yan dubiya sun gaji, ciwon ya tsufa. Hoe ce kaɗai take haurowa jefi-jefi, ita ma gwiwa ta fara hana ta, kuma ta daina cewa aro ne. Ranar da Khoi zai tafi ya leƙo daga bakin ƙofa, ya ce, "Kaka, sai na dawo," bai shiga ba saboda warin ɗakin. Bahon yana nan ƙarƙashin gado. Sau ɗaya ya taɓa ganin ruwa.

A layin kuwa har gobe gidan Toan ake nuna wa yara. Uwa ta kama kunnen ɗanta ta ce, "Ka ga Khoi? Ƙafar kakarsa ya wanke har ta kai shi Amurka. Kai ko shara ba ka fitarwa."

Da damina ta ja baya, Malama Jenni ta dawo, don Khoi yana da ƙanwa, Uyen, kuma layi ya zo kanta. Irin waɗannan siraran gidaje, duk abin da aka faɗa a falo matakala takan kai shi sama kamar bututu. Kaka Lua tana kwance ta ji muryar Diep cike da fara'a.

"Wannan karon ai da sauƙi, Malama. Ba sai mun ƙirƙiri komai ba. Har takardun asibiti muna da su."

"Ai matsalar ke nan," in ji Malama Jenni. "An riga an ci wannan labarin. Ba sa son maimaici daga gida ɗaya. Sai dai in abin ya ci gaba. Yaran da suka yi rashi, misali, labarinsu yakan yi ƙarfi sosai."

Kaka Lua ba ta ganinsu, amma ta san duk sun ɗaga kai suna kallon rufi.

Can Toan ya yi gyaran murya. "Haba, Malama. Wannan ai ba a hannunmu yake ba."

"Ai ban ce komai ba."

"Ba dai a ce komai ba," in ji Diep a hankali. "Tambaya kawai nake yi. In ta wuri za mu bi, yaushe ake rufewa?"

"Farkon Nuwamba."

"In ta kowa ce fa?"

"Akwai sauran lokaci har Janairu."

Kaka Lua ta juya kai ta dubi bango. Kusa da hoton mijinta akwai fili, daidai faɗin wani hoton. Ta laluba ƙarƙashin matashi ta zaro jan maficin, ta buɗe shi a hankali, ta yi wa kanta fifita.

"Ka ji su, tsoho," ta ce. "Wannan karon ba zan zaɓa musu ba."